Kwamfutar Badaru da Takardar Inna Hure

Mu a Ɗorawar Maƙera, in mutum ya fara cika baki a kan abin da bai iya ba, yanzu ba a yi masa musu. Sai kawai wani ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Kai, anya ba hadari ba ne wancan?" Shi ke nan kowa ya kwashe da dariya. Baƙo ba ya gane maganar, to bari in faɗa muku asalinta, don a kan ɗan wana Badaru aka samo ta, ni kuwa Kaltume komai a idona aka yi.

Shekarar nan ce da fetur ya yi tsada har masu babur suka koma turawa, tiyar gero ta gagari mai iyali. Badaru ya yi 'yan watanni a birni, a wani shago da ake buga takardu. Waɗanda suka gan shi can sun ce shara yake yi da sayo wa ogansa abinci. Shi kuwa da ya dawo cewa ya yi in ba ya nan ba a buɗe shagon. Ya zo da wata kwamfuta ta ninkewa da aka ɗaure ƙugunta da salatif, da firinta mai girman akurkin kaji, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba. Ya share tsohon zauren babansa, ya rubuta "Injiniya Badaru" da gawayi a bango.

Maƙwabcinsa Nababa mai cajin waya, wanda shi kaɗai ne mai ɗan janareta a layin, ya leƙo ya karanta.

"Injiniya, kana da injin buga rubutu, kuma sunanka da gawayi?"

"Kai ba ka san harkar ba. Ka taɓa ganin wanzami ya yi wa kansa ƙaho?"

To a lokacin ne mu matan aure na Islamiyyar Malam Khalilu muke shirin sauka. Mu ashirin da 'yan kai ne, cikinmu har da mahaifiyata Inna Hure, kakar Badaru ke nan. Da furfurarta ta shiga makarantar, tana karatu da tabarau ɗaure da zare, yara suna yi mata dariya ta katanga, ba ta fasa ba. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ni ba na son atamfa, ba na son kwano. Takarda nake so mai sunana da na ubana, a miƙo min a gaban jama'a, in rataye ta inda duk wanda ya shigo ɗakina zai fara cin karo da ita."

Malam ya yi niyyar kai aikin takardun shaidar birni, yana ta juya maganar kuɗin mota. Sai ga Badaru da kwamfuta a hammata.

"Allah ya gafarta Malam, ga ruwa a gida a tafi rafi? Abin da suke bugawa a birnin ai ni na koya musu. Hausa, Larabci, har na 'yan Sin in ana so. Daga wannan aikin kuma duk makarantun da ke tsakanin Dawanau da Dawakin Tofa nan za su dinga layi."

Malam ya shafa gemu. Shi ya karantar da Badaru a allo, ya san kayansa. Sai Inna ta ɗaga murya daga cikin aji.

"Malam, ba shi. Mijin nan nawa ko da ba ya iya ciyar da ni, ya iya danne-danne. Ni na tsaya masa. In ya ba ni kunya na san inda zan kama shi."

"Amarya kenan," in ji Badaru, "taki da ruwan zinare zan yi."

"Yi ta da baƙi ma, in dai za ta karantu."

Malam ya tura masa rubutun ta waya, aka wuce wurin.

Ranar gwajin farko zauren ya cika. Nababa ya tada janareta, Badaru ya danna wani abu, firinta ta yi gurnani, janareta ya yi kamar zai shiɗe, sai ga takarda ta fito da ɗuminta kamar waina. Ko kallonta bai yi ba ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

Inna ta gyara tabarau ta bi da yatsa. "Hu-re. To, wannan ni ce. Wannan ɗan akwatin fa, a gaban sunan ubana?"

Muka leƙa. Inda ya kamata a ga farkon Ɗahiru, wani ɗan akwati ne zaune, fanko. Ba nan kaɗai ba. Duk baƙin da yake da lanƙwasa a ka, akwati ya zauna a wurinsa. Sunan garinmu ma biyu ya samu.

"Rumbunan bana ne," in ji Nababa, "ga su nan a tsaye, ba komai a ciki."

"Ado ne!" in ji Badaru. "A birni sai ka yi ƙari ake saka maka."

"Cire min," in ji Inna. "Ubana maƙeri ne, bai taɓa sayar da akwati ba."

Badaru ya tura tabarau kan goshi, ya yi mana bayani kamar mai wa'azi. Wai su baƙaƙen nan riga suke sakawa, sunanta fonti. A waya rigar tana da wurin lanƙwasa, a kwamfuta kuwa wadda suka tarar ta yi musu kaɗan, shi ya sa masu lanƙwasar suka ƙi fitowa. "Riga kawai zan canza musu. Akwai su fi ɗari a nan." Ya yi ta gangarawa ƙasan jerin, ya wuce wannan ya wuce waccan.

"Ka tsaya mana ka ɗau ɗaya," na ce masa a hankali.

"Goggo, masu tsadar a ƙasa ake ɓoye su, kamar nama a miya."

Ya kai can gindi, ya zaɓo, ya buga. Wallahi da takardar ta fito, baƙi ko ɗaya babu. Almakashi ne, da ambulan, da agogo, da tutoci, da wasu 'yan kunamu. A daidai wurin sunan Inna kuwa, hannu ne sak, ya miƙe yatsa yana nuna ƙasa.

Inna ta daɗe tana kallo. "Ɗazu akwati, yanzu ana nuna min ƙasa. Kai, ɗan nema, gaggawar me kake yi da ni? Ko takabar ka ce nake hana ka?"

"Tsohuwa, maza ba sa takaba."

"To kai za ka fara."

Nababa yana riƙe da ciki har da hawaye. "Don Allah Injiniya rubuta nawa in gani, ko ni jirgi zan samu."

Badaru ya rubuta. Farkon sunan Nababa sai ga ƙoƙon kan mutum, da ƙasusuwa biyu a gicciye a ƙarƙashinsa. Dariyar ta tsaya cak. Nababa ya tofa a hagu ya tofa a dama, ya fizge waya, ya rungumi janareta da zafinsa.

"Da fetur ɗin da na saya za a yi min asiri? Ba da ni ba!"

Sai da Inna ta bi shi har shago da sandarta, ta tuna masa ita ta yanke masa cibiya kuma ta san irin ihun da ya yi ranar shayi, in yana so ta ba masu caji labari. Kafin ta rufe baki janareta ya koma zaure.

Da la'asar Malam ya zo duba layin sama, inda aka rubuta sunan makaranta da Larabci. Badaru ya mayar da tsohuwar rigar, ya buga. Malam ya karɓa, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya nesanta takardar, ya matso da ita.

"Badaru, me ya haɗa su faɗa?"

Kun san dai rubutun Larabci, baƙi yana riƙe da hannun ɗan'uwansa ne. To waɗannan kowa ya ware gefe ya tsaya shi kaɗai. Kuma maimakon su taso daga dama, daga hagu suka taso, na ƙarshe ya zama na farko.

"Kamar 'ya'yan mai kuɗi ranar rabon gado," in ji Inna.

"Alhamdu lillahi da ban ba ka aya ba," in ji Malam. "Ka ji ni da kyau, sunan makaranta kawai. Ko da wasa kada ka kai ayar Allah cikin wannan rigima."

"Ƙaramin abu ne, Malam. Juyawa kawai suka yi a hanya."

Ya juya takarda ya saka ta ta ƙasa, suka fito ƙafa a sama. Ya ɗaga kwamfutar ya juya ta gabas ya danna, ba abin da ya sake. Ya ce to bari ya matse su su shirya dole. Ya danna, ya danna, ya danna, sai ga baƙaƙe sun hau kan juna, wani a wuyan wani, kamar buhunan Dawanau a kan a-kori-kura. Malam ya ajiye takardar a hankali ya ce shi zai je ya yi alwala.

Nan Badaru ya ce bari ya kira wani yaronsa a birni, Sama'ilu, ya tuna masa wani abu da shi ya koya masa ya manta. Don mu ji yadda ake girmama shi, sai ya buɗe muryar wayar kowa yana ji.

"Sama'ilu, Injiniya ne."

"Wane Injiniya?"

"Badaru mana."

"Au, Badaru mai shara! Kai, ina ka kai min tsintsiyata? Tun da ka tafi nake nema."

Badaru ya yi ta laluben wurin rage murya, bai samu ba. Nababa ya zauna a ƙasa yana ƙyaƙyata dariya. Da ƙyar dai Sama'ilun, wanda ashe shi ne ogan nasa, ya ce masa sai ya sauko da wata rigar baƙaƙen daga intanet, mai ɗaukar lanƙwasa, kuma manhajar da yake aiki da ita tsohuwa ce, ba ta san Larabci ba, ita ma sai an sake.

"Ka ji," in ji Badaru da ya kashe, "abin da na faɗa masa ke nan tun bara. Yaron da wasa."

Garinmu kuwa intanet wuri ɗaya take sauka, kan wata ɗorawa da ke bayan gidan Asiya mai daddawa, ita ma 'yar ajinmu ce. Washegari da hantsi Badaru ya naɗe ƙafar wando ya hau. Asiya tana ƙasa ta ɗora ƙatuwar tukunyar kalwa tana izar wuta.

"Injiniya, ka koma wancan reshen, kana kaina."

"Nan ne sabis yake. Ke dai ki ji da kalwarki, wannan harkar sama ce."

Ya miƙe hannu can ƙarshen reshe da waya, yana ba mu labari daga sama: ta fara, ta kai rabi, ta kusa. Ashe reshen gidan cinnaku ne. Muka ga ya fara wata irin rawa, hannu ɗaya a reshe, ɗaya a waya, babu na sosa. Ya yi ta maza, ya yi ta maza, can dai wani ya same shi a inda ba a faɗa. Ya saki waya. Ta bugi reshe, ta yi tsalle, tsulum cikin tukunyar Asiya.

"Wayyo kalwata! Badaru ka kashe ni! Wa zai sayi daddawa mai batir?"

"Wayata, Asiya! Tsamo ta, saura kaɗan ta gama!"

Da ludayi aka tsamo ta. Ta dahu luguf. Ya zamo daga bishiya yana susa, ya karɓa, ya busa, ya ce ai irin wannan wayar ta saba shiga ruwa. Har yau ba ta sake magana ba, amma in ya wuce da ita a aljihu kuliyoyi suna bin sa.

Daga nan Badaru ya rufe zaure. Ya ce aikin ya kai matakin da ba a yi a gaban mutane. Muna jin janareta yana ta yi, firinta tana gurnani, daga baya kuma shiru. Walima tana matsowa, Inna ta kasa zama. Ta aike ni da furarsa ta ce in dubo mata ko ya mutu ne.

Na yi sallama ban ji amsa ba, na tura ƙyaure. Sai ga Injiniya a durƙushe a tabarma, ya cire tabarau, harshe a waje, alƙalamin kara a hannu, 'yar kwalbar tawada a gefe. Ashe dabara ya yi. Duk baƙi mai lanƙwasa ya buga shi miƙaƙƙe, sannan yana bi yana ɗora masa lanƙwasar da hannu. Na Larabcin kuma ya shigar da su daga wutsiya zuwa kai don su tsaya daidai, yana bi yana haɗa musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya gwada biro, sai ta fito shuɗiya ta tona shi. Tawadar makarantar Malam ce kaɗai ta yi baƙi irin na injin.

Gaskiya kuma ya yi kyau. Duk shashancin Badaru, hannunsa a allo ba ya da na biyu tun yana ƙarami.

"Goggo, ki rufa min asiri."

"Ni fura na kawo. Amma dai tawadar allo ce fa, Badaru, don a wanke ake yin ta."

"Na sani mana. Leda zan manna musu, irin ta birni. Ko a rijiya aka jefa su sai dai su yi iyo. Ara min dutsen gugarki."

Injin manna leda dai ba shi da shi. Ledar da ya samo kuwa irin ta ƙulla sukari ce. Ya cika dutsen gugata da garwashi, ya shimfiɗa leda a kan takarda ɗaya, ya danna da ƙarfinsa. Leda ta narke ta kama dutse, takarda ta kama leda, tabarma ta kama takarda. Kafin ka ce me, hayaƙi ya turnuƙe zaure, wari har masallaci.

"Gobara! Gobara a zauren Injiniya!"

Mutane suka sheƙo da bokitai, ga shi lokacin ruwa sai an yi layi a famfo. Badaru da ya ga ruwa ya nufo takardu, sai ya manta da wuta. Ya faɗa kansu rub da ciki ya baje riga kamar kaza a kan ƙwai.

"Kada ku watsa! Don girman Allah kada ku watsa ruwa!"

"Yau na ga ikon Allah," in ji Nababa, "gidan mutum yana ci yana hana ruwa!" Ya sheƙa masa bokitin a baya.

Takardun dai sun tsira, don jikinsa ya tare. Wadda ta ƙone ya sake buga ta. Dutsen gugata ya tafi ke nan. Da aka tambaye shi maganar leda, ya ce ya fasa, a birni ma an daina, tana hana takarda numfashi.

Ranar walima ta zo. A shekarar nan ruwa ya yi jinkiri sosai, an fita roƙo har an gaji, iri yana ajiye, kowa idonsa a gabas. Zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Aka kafa rumfa ɗaya ta manya a filin makaranta, Dagaci ya zo, baƙi suka zo daga Dawakin Tofa. Mu kuma muna tabarmi a fili cikin fararen hijabai na anko, waɗanda Allah kaɗai ya san yadda kowacce ta yi ta ɗinka nata a wannan shekara.

Badaru ya zo da babbar rigar aro. Ba wanda ya ba shi lasifika, shi ya ɗauka.

"Jama'a, wannan kwamfuta da ta zo garin nan ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci. Ni na zaunar da ita na koya mata. Ko a birni ba a kai uku ba masu iya wannan. Mai suna, mai biki, mai kalanda, zaure a buɗe yake!"

Malam ya ɗauki takarda ɗaya ya duba da kyau. Baƙaƙe sun shirya, lanƙwasa ta zauna. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ma sha Allah." Ya miƙa wa Dagaci, shi ma ya yaba. Aka fara kira, Inna ce ta farko don ita ce babba. Ta tafi ba sanda, ta karɓa da hannu biyu, aka rangaɗa guɗa. Ta dawo tana share ido da gefen hijabi, ta ce da ni, "Kin ga mijin nawa? Na faɗa muku." Badaru yana can yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi aka zaɓa.

Da aka gama rabo Malam ya ce a yi addu'a. Ya roƙa mana albarkar karatu, sannan ya ce, "Ya Allah, ga bayinka mata sun yi ƙoƙari, don albarkar wannan zama ka jiƙa mana ƙasarmu."

Fili ya ɗauka, "Amin!"

Nababa da ke kusa da Badaru ya rantse ya ji shi ya ce, "Amin, amma gobe."

"Kai, me ka ce?"

"Amin na ce."

"Ka ƙara da wani abu."

Kafin su gama sai iska ta kaɗa. Wata iska mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Kowa ya juya gabas. Hadari ne ya taso baƙi ƙirin, yana tafe kamar an aiko shi. Maza suka fara kabbara. Badaru kuwa ya tattare babbar riga ya faɗo cikinmu.

"Ku kawo takardun in ajiye muku! Goggo kawo! Asiya kawo!"

"Ka biya ni kalwata tukuna."

"Amarya, ke dai kawo taki."

Inna ta rungume ta. "Wa? Abin da na yi furfura ina jira? Ko mai ɗaukar rai ya zo sai ya haɗa da ita."

Mai hoto kuma yana ta ihu, "Ku tsaya a layi, ku ɗaga su sama, yanzu zan ɗauka kafin ya sauko!" Muka ɗaga. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, sai ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Rumfa ta manya ce, mu ba wurin gudu. Abin da ke hannunka kuwa shi kake karewa da shi. Kowacce ta ɗora takardarta a ka.

Ni na fara ganin Asiya. Wani baƙin layi ya gangaro mata daga goshi ya bi ta hanci. Na buɗe baki zan faɗa mata, sai na ga tana nuna ni. Na duba kafaɗata. Na duba Inna. Mu duka fararen hijaban nan sun koma zabi.

Abin da ya fi ba da dariya, rubutun injin ko gezau bai yi ba. Abin da Badaru ya ƙara da hannu kaɗai ruwa ya bi ya tsince, tsaf, kamar an saka shi. Malam ya fito cikin ruwa ya karɓi ta Inna ya duba. Lanƙwasa duk sun tafi. Na Larabci kowa ya saki hannun ɗan'uwansa ya koma gefe.

"Badaru," in ji Malam, "sun sake ɓatawa."

"Bairos ne, Malam, cutar kwamfuta! Akwai wani bairos da yake zuwa ta ruwan sama, ko a birni..."

Inna ta sa yatsa ta dangwalo baƙin da ke gangaro mata a kumatu, ta kai baki, ta ɗanɗana. Ta sake dangwalowa.

"Ƙaro," ta ce. "Da baƙin tukunya." Ta ɗaga murya yadda har 'yan rumfa suka ji. "Wannan tawadar allo ce! Na san ɗanɗanonta tun ba a haifi ubanka ba. Kwamfutar taka da alƙalamin kara take rubutu?"

Fili ya kece. Dagaci ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Nababa yana birgima a taɓo yana cewa, "Shi ya sa ya hana a kashe gobara! Shi ya sa ya ce amin gobe!" Badaru ya juya zai bi ta bayan makaranta, babbar rigar aro ta sha ruwa ta naɗe masa ƙafa, ya zube. Ko da ya ɗago, kunnensa yana hannun Inna.

"Na ce na san inda zan kama ka."

Allah ya taimake shi da ruwan nan. Maza hankalinsu ya riga ya tafi gona, kowa yana tunanin inda ya ajiye sungumi, babu mai sauran fushi. Dagaci ya yanke hukunci a tsaye, yana dariya: hijabai dai wanda ya ɓata shi zai wanke. Takardu kuma Malam ya ɗauki kwamfutar da kansa ya kai wa Sama'ilu birni, a gyara a bugo.

Haka aka yi. Malam ya dawo da sababbi masu leda ta gaskiya, ya ce Sama'ilu bai ko gama shan shayinsa ba ya gyara, kuma yana gaida Badaru, yana tunin tsintsiya. Inna ta sa aka sake tara mu a aji, aka kira sunanta da na ubanta, ta karɓa a karo na biyu. Ta rataye sabuwar a inda ta ce. Tsohuwar mai zanen zabuwa kuma ta rataye ta a ƙasanta, wai don in baƙo ya tambaya ta samu abin hira.

Ranar wanki kuwa garin kaf sai da ya bi ta famfo. Ga Injiniya da tabarau, ga tulin hijabai, ga Inna a kan kujera 'yar tsugune da sanda tana nuna masa inda bai fita ba. Gero ya tsiro ko'ina, gonaki sun yi shar. Na ɗauka bakinsa ya mutu. Sai na ji yana ce wa masu ɗiban ruwa:

"Ku dai ku yi dariya. An fita roƙon ruwa sau nawa bai zo ba? Takarduna suna fitowa fili, ko awa ba a yi ba. Ku tambayi kanku wa ya kawo damina garin nan."

Inna ta gyaɗa kai. "Gaskiyarka, maigida. Baɗi in ruwa ya yi jinkiri ba sai mun wahalar da Malam ba. Kalanda za mu ba ka ka buga, mu shanya a fili." Ta zungure shi da sanda. "Cuɗa nan, ga lanƙwasar ubana ba ta fita ba."